Garantin kwamfuta: cinikin biri a sama

Duk wanda ya taɓa sayen sa ko raƙumi a kasuwar dabbobi ya san wata ƙa'ida da ba a kafa ta a allo ba, amma ba mai musunta ta: idan dabba ta zo da cutar da mai ita ya sani ya ɓoye, ciniki ya warware. Dillali ya san gidan mai dabba, sarkin kasuwa ya san dillali, malaman fiƙihu kuwa, tun daga Risalar Ibn Abi Zaid da ake karantawa a zaurukan ƙasar nan, sun hana ɓoye aibin haja, sun kuma ba mai saye zaɓin ya mayar da ita ya karɓi kuɗinsa. Da wannan ƙa'ida fatake suka yi ɗaruruwan shekaru suna ciniki tsakanin Damagaram da Kano da Agadas ba tare da takarda ba. Abin mamaki shi ne, ranar da jikan falken nan, ko ma'aikacin da ya yi wata shida yana zuba adashi, ya ƙirga jika ɗari uku ya sayi kwamfuta tafi-da-gidanka, sai ya ajiye wannan ƙa'ida a ƙofar kanti, ya wadatu da kalma biyu ta fatar baki: "Akwai garanti."

Akwai garanti, to, a hannun wa? Na wata nawa? Me ya ƙunsa, me ya tsame? In na'urar ta mutu a Tawa, wace ƙofa za a ƙwanƙwasa? Waɗannan tambayoyi ba a cika yin su ba sai ranar da allo ya yi baƙi, ranar da rahoton da minista ke jira, ko lissafin bashin shekara guda, ko kundin kammala karatun ɗalibi, ya maƙale cikin na'urar da ta ƙi tashi. A ranar ne mai saye ke gane cewa takardar garanti, in ma an ba shi ita, kamfani ne ya rubuta ta da hannun lauyoyinsa, kuma babban aikinta shi ne ta ƙayyade iyakar abin da kamfani zai biya. Shekaru ashirin da suka gabata sun nuna cewa manyan kamfanoni ba su cika ɗaukar nauyin kuskuren ƙirarsu ba sai an matsa musu lamba, ko ta kotu, ko ta doka, ko ta haɗin kan waɗanda aka cuta. Inda babu ɗaya daga cikin waɗannan, garanti alfarma ce, mai alfarma kuwa yana da ikon hanawa.

Domin kada a ce zargi ne kawai, ga shari'u biyu da aka yi a Amurka, gidan manyan kamfanonin nan, inda kotu da lauyoyi da jaridu ke da ƙarfin da ba su da shi a wurare da yawa. Wahalar da mai saye ya sha a can kafin ya samu haƙƙinsa ta isa ta auna abin da ke jiran wanda ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan makamai.

Ɗigon dalma da ya cinye miliyoyi

A cikin kwamfuta akwai wani ɗan guntu da bai fi faɗin farcen babban yatsa ba, aikinsa sarrafa hoton da ke fitowa a allo. Kamfanin Nvidia na Amurka na tsara irin wannan guntu ya sayar wa masu haɗa kwamfuta, su HP da Dell da Apple. Guntun yana zaune ne bisa ɗaruruwan ɗigon dalma ƙanana ƙwarai, ta cikinsu wuta ke ratsawa. Duk lokacin da aka kunna na'ura sai guntun ya yi zafi ya ɗan kumbura, in an kashe ya huce ya tsuke. A wasu guntayen da suka shiga kasuwa wajejen 2007 da 2008, musamman jerin GeForce 8400M da 8600M, kayan da aka manna guntun da su ba su jure wannan zafi da sanyi ba. Sannu a hankali sai dalmar ta tsage. Mai na'ura ya wayi gari ya kunna ta, fanka na juyawa, fitila na ci, amma allo baƙi ƙirin, ko kuwa hoto ya fito da zane-zane kamar saƙar tabarma.

Muguntar wannan ciwo ita ce ba ya bayyana ranar saye. Yana bukatar watanni na kunnawa da kashewa, kuma sau da yawa sai shekara ta zagayo, garanti ya ƙare, sannan ya fito fili. Mutum ya kai na'ura wurin kamfani, a ce masa wa'adi ya wuce, sai dai ya biya kuɗin sauya babban allon ciki da dukan sassa ke manne a kansa, kuɗin da kan kusa kai rabin farashin sabuwa. Kowane mai na'ura yana zaton shi kaɗai ne ƙaddara ta faɗa wa. Kamfani ne kaɗai ke ganin jimillar waɗanda suka kawo ƙara, shi ne kaɗai ya san cewa cutar annoba ce.

Ranar 2 ga Yuli 2008 Nvidia ya yi magana. Ya yi ta ne ga masu hannun jarinsa, inda ya sanar da su cewa zai ware tsakanin miliyan 150 da miliyan 200 na dalar Amurka, ba dalar kasuwar Maraɗi ba, domin biyan gyaran na'urorin da suka lalace. Washegari darajar hannun jarinsa ta faɗi da kusan kashi 30 cikin 100. Masu kuɗi sun ji labari nan take, sun kuma ɗauki mataki nan take. Wanda ke riƙe da na'urar a hannu kuwa ba a ba shi cikakken jerin waɗanda abin ya shafa ba a ranar.

Maganin farko da Dell da HP suka fitar shi ne sabon BIOS, wato umarnin da na'ura ke bi tun daga kunna ta, wanda ke sa fanka ta yawaita juyawa domin rage zafi. Masu suka suka ce wannan bai warkar da komai ba, jinkirta mutuwa kawai yake yi, watakila har garanti ya ƙare. Da surutu ya yi yawa Dell ya ƙara wata 12 a kan garantinsa game da wannan matsala, HP ya kai wa'adin wasu samfura na Pavilion da Presario wata 24. Apple kuwa, a watan Oktoba 2008, ya bayyana cewa Nvidia ya tabbatar masa na'urorinsa lafiya suke, amma bincikensa ya nuna akasin haka a wasu MacBook Pro. Ya yi alkawarin gyara kyauta na shekara biyu, daga baya ya mayar da shi uku, daga baya huɗu. Kowane ƙari ya zo ne bayan an ga cewa na baya bai rufe ɓarnar ba.

Masu na'urori suka haɗu suka shigar da ƙara guda a Kalifoniya. A 2010 aka yi sulhu. Masu Dell da Apple suka samu gyara, masu HP aka yi musu alkawarin na'urar maye. Da lokacin bayarwa ya yi, sai ga mutanen da suka sayi na'ura mai tsada an miƙa musu ƙaramar Compaq ta araha. Suka koma gaban alƙali, bai sauya komai ba. Lauyoyi suka tashi da dalar Amurka miliyan 13: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A ƙarshe lamarin ya ci wa Nvidia fiye da dalar Amurka miliyan 400, bai kuma hana shi zama, a 2025, kamfani na farko a tarihi da darajarsa ta kai dalar Amurka tiriliyan 4 ba.

Akwai abubuwa biyu a wannan labari da suka shafi kasuwannin Afirka kai tsaye. Na farko, sulhun ya tsaya ne ga waɗanda suka yi saye a Amurka, duk wanda ke wajenta ba shi da kaso. Na biyu, masu gyara a duniya sun gano cewa in aka hura wa guntun iska mai zafi sosai, na'urar takan farfaɗo ta yi aiki na makonni ko watanni kafin ta sake mutuwa. Na'urar da aka yi wa haka tana tashi lafiya bisa teburin mai kanti, tana nuna hoto tangaran, ba wanda zai gane da ido. Wannan shi ne ainihin ɓoyayyen aibin da dillalin dabbobi ya sani, sai dai a nan mai dabbar yana bayan teku.

Ɗan hakin da aka raina

Shari'a ta biyu ta Apple ce shi kansa. A 2015 kamfanin ya fitar da MacBook mai sirantaka ƙwarai, da sabon salon maɓallan rubutu da ya kira salon malam-buɗe-littafi, saboda abin da ke ƙarƙashin kowane maɓalli yana motsi kamar fikafikansa. A 2016 aka sa shi a MacBook Pro. Maɓallan ba su da zurfi, don haka ƙwayar ƙura ko ɓarɓashin burodi ya isa ya maƙale ɗaya. Harafi ya ƙi fita, ko ya fita sau biyu. Hausawa sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido, ga shi ya tsone idon na'ura mai tsada.

Da farko kamfanin ya shawarci jama'a su karkata na'urar su fesa mata iskar gwangwani. In hakan bai yi ba, sai gyara, gyaran kuma ba na maɓalli ɗaya ba ne, domin an haɗe maɓallai da batir da murfin sama wuri guda, dole a sauya su gaba ɗaya. Wanda garantinsa ya ƙare yana iya biyan har dalar Amurka 700, wato kusan jika ɗari huɗu na sefa, saboda harafi guda. A watan Mayu 2018 aka shigar da ƙara, a watan Yuni kamfanin ya buɗe shirin gyara kyauta na shekara huɗu daga ranar saye. Sai dai abin da ake sa wa na'urar irin wanda aka cire ne, mai ciwo ɗaya. A watan Maris 2019 wata ƴar jaridar Wall Street Journal ta buga sharhi da haruffan da na'urarta ke ci sun ɓace a cikinsa, kamfanin ya ba da haƙuri, yana cewa mutane kaɗan ne abin ya shafa. Wata biyu bayan haka ya fitar da sababbin samfura, ya kuma sa su cikin shirin gyaran tun ranar fitowarsu. Mai hankali ya san ma'anar a sayar da haja sabuwa fil tare da takardar asibitinta.

A 2020 aka watsar da salon baki ɗaya, aka koma na da. A Yuli 2022 Apple ya yarda ya biya dalar Amurka miliyan 50 domin kashe ƙarar, ba tare da amsa laifi ba. Wanda aka sauya wa maɓallai fiye da sau ɗaya zai iya samun har dalar Amurka 395. Shekara bakwai ke nan tsakanin fitowar aibi da yarda a biya diyya, a ƙasar da ake alfahari da kotunanta. In ƙurar ofishin Kalifoniya ta yi wa na'ura haka, mai karatu ya ƙiyasta abin da hazon hunturu zai yi mata a Ƙonni ko Gure.

Abin da takardar ke faɗi da ƙananan haruffa

Wanda ya daure ya karanta takardar garanti har ƙarshe zai tarar da sharuɗɗa kusan iri ɗaya a kowane kamfani. Wa'adin na'urar gida yawanci shekara ɗaya ne, kuma yana fara gudu tun ranar sayen farko. Na'urar da ta kwana a shagon Dubai, ta hau jirgin ruwa zuwa Lome, ta yi makonni a hanya da dwan, tana iya isa Yamai da rabin wa'adinta a ƙone. Ta hannu na biyu, wadda wani ofishin Turai ya yi shekara uku ko huɗu yana aiki da ita kafin ya tsame ta, babu sauran magana a kanta. Sannan garanti yana aiki ne a ƙasar da aka yi saye, ko inda kamfani ke da wakilin gyara da ya amince da shi. In wakili mafi kusa yana wata ƙasa, kuɗin kai da kawowa kaɗai ya isa ya sa mutum ya haƙura.

Sai jerin abubuwan da aka tsame. Faɗuwa, zubar ruwa, da ƙonewa saboda hauhawar wutar lantarki ba su ciki. Raunin batir saboda tsufa ba ya ciki. Bayanan da ke cikin na'ura ba su taɓa shiga ba, ko da sun fi na'urar daraja sau goma. Haka kuma duk lalacewar da ta faru saboda an yi aiki da na'ura ba bisa ƙa'idar kamfani ba. Mece ce ƙa'idar? Apple ya rubuta cewa a yi aiki da kwamfutarsa tsakanin digiri 10 da 35 na zafi, sauran kamfanoni ma yawanci 35 ce iyakarsu. A Yamai da Tawa, cikin Afrilu da Mayu, zafi kan haura digiri 40 a inuwa, kuma a daidai lokacin ne wuta ke yawan ɗaukewa ta dawo da ƙarfi. Ma'aikacin da ke ofis marar na'urar sanyaya ɗaki ya riga ya fita daga ƙa'ida tun kafin ya danna harafin farko.

Dole a yi adalci a nan. Ba kowace mutuwar kwamfuta ce laifin mai ƙira ba. Cajar jabu ta jika biyar ta kashe na'urori da yawa, haka ɗora na'ura bisa katifa har hanyar iskarta ta toshe, haka barin ƙura ta cika fanka shekara da shekaru ba a share ba. Kamfani na da haƙƙin ƙin biyan sakacin mai saye. Matsalar ita ce shi kaɗai ke yanke hukuncin wace mutuwa ce sakaci, wace ce aibin ƙira, alhali shi ne wanda ake ƙara, shi ne mai shaida, shi ne alƙali. Masu GeForce ma an fara ce musu laifin zafi ne da yadda suke aiki da na'urar.

Wa zai kawo hujja?

A nan ne doka ke shigowa, kuma a nan ne ƙasashe suka bambanta. Tarayyar Turai, tun 1999, ta tilasta garantin doka na aƙalla shekara biyu, wanda yake kan mai sayarwa, ko kamfani ya so ko ya ƙi. Mai saye ba ya neman wani a Amurka ko Sin, kantin da ya karɓi kuɗinsa yake komawa. Faransa ta ƙara wani abu da ya fi wannan muhimmanci: tun Maris 2016, duk aibin da ya bayyana cikin wata 24 a sabon kaya, doka na ɗauka da shi aka sayar da kayan, sai in mai kanti ya kawo hujjar akasin haka. Tun 2022 kayan hannu na biyu ma suna da wata 12 na irin wannan kariya. Nauyin hujja ya tashi daga kan marar sani ya koma kan masani.

Kamfanoni ba su karɓi wannan da murna ba. A Disamba 2011 hukumar kula da gasar kasuwa ta Italiya ta ci Apple tarar yuro dubu 900, kimanin sefa miliyan 590, saboda bai bayyana wa masu saye haƙƙinsu na shekara biyu ba, yana sayar musu da ƙarin garanti na kuɗi a kan abin da doka ta riga ta ba su kyauta. A Afrilu 2018 hukumar kasuwanci ta tarayyar Amurka ta gargaɗi kamfanoni shida cewa ɗan tambarin nan da ake mannawa bisa ƙusa, mai cewa garanti ya faɗi in an ɓare shi, ya saɓa wa wata doka ta 1975. A 2021 Faransa ta wajabta a rubuta maki daga 0 zuwa 10 kusa da farashin kwamfuta tafi-da-gidanka, wanda ke nuna sauƙin gyaranta da samuwar kayan gyara. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya fito daga kirkin kamfani, hukuma ce ta ƙwato su.

Nijar ba ta rasa doka ba. Kundin dokokin farar hula da ta gada daga Faransa, a sashe na 1641, ya ɗora wa mai sayarwa alhakin ɓoyayyen aibi, kuma a 2015 an zartar da doka kan ginshiƙan kare masu saye. Amma a ƙarƙashin tsohon sashen nan mai saye ne zai tabbatar wa alƙali cewa aibin ya girmi ciniki. Malamin lakwal na Mirriya zai ɗauko gwani ya buɗe guntu ya nuna tsagar dalma? Kuɗin gwani da lauya da zirga-zirga sun fi kuɗin na'urar. Haƙƙin da neman sa ya fi shi tsada, sunansa kawai haƙƙi.

Kukan ɗan kasuwa

Ɗan kasuwa zai ce, kuma yana da gaskiya a wani ɓangare: shi ma ba wanda ya ba shi garanti. Ya sayi na'ura hamsin a dunƙule, ya biya jigila da dwan, biyar sun iso a mace, ribarsa a kan kowace ba ta taka kara ta karya ba. In aka tilasta masa karɓar duk wadda ta mutu, ko ya ƙara farashi ko ya rufe kanti, talaka kuma ya rasa na'urar arahar da yake iya saye. Zai ƙara da cewa kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Gaskiya ne, amma mai sayen rariya ya ga hujojinta. Wanda aka sayar wa tulu aka ce ba ya yoyo, shi ke da magana. Ba wanda ke neman ɗan kasuwar Maraɗi ya ɗauki nauyin shekara biyu a kan na'urar da ta shekara shida a duniya. Abin da ake nema shi ne ya faɗi matsayinta, sabuwa ce, ko gyararriya, ko tsohuwa, ya kuma tsaya a kan maganarsa na wani wa'adi sananne. Wata uku sun isa su tona asirin yawancin na'urorin da aka farfaɗo da iska mai zafi. Kuma ɗan kasuwar da ya san za a dawo masa da kaya zai gwada su kafin ya saye, zai matsa wa dillalinsa na Dubai ko Lome ya tace masa, zai daina komawa wurin wanda ya cuce shi. Ta haka nauyin aibi ke hawa sama mataki-mataki zuwa inda ya fito, maimakon ya gangaro ya tsaya a kan wanda ya fi kowa rauni. Ƙarin farashi zai kasance, sai dai mai saye yana biyan wannan ƙari tun yanzu, a dunƙule, ranar da na'urarsa ta mutu. Kantin da ya shahara da cika alkawari kuwa ba ya rasa ciniki, tsofaffin ƴan kasuwa sun san haka tun kafin a ƙirƙiro kwamfuta.

Abin da ya wajaba

Babban mai sayen kwamfuta a ƙasar nan gwamnati ce da hukumominta da ayyukan raya ƙasa, kuma da kuɗin talakawa ake saye. Kusan kowane ma'aikaci ya san ɗakin da ake jibge matattun na'urori a ma'aikatarsa, ƙura ta lulluɓe su, ba wanda ya taɓa tambayar ko wa'adinsu ya ƙare kafin su mutu. Dokokin kwangilar gwamnati sun ba da damar a riƙe wani kaso na kuɗin ɗan kwangila har wa'adin garanti ya cika. A yi aiki da wannan dama. Kowace kwangila ta ƙunshi garanti na shekara uku, irin wanda kamfanoni ke sayarwa tare da na'urorin ofis, da sunan wanda zai yi gyara a cikin ƙasa, da adadin kwanakin da zai yi. A duba lambar kowace na'ura ranar karɓa, domin HP da Dell da Lenovo duk suna da shafi a intanet inda lambar ke nuna ranar da garanti ya fara da ranar da zai ƙare. Minti biyu sun isa a gane tsohuwar da aka sa cikin sabon kwali. Jami'in da ya sa hannu bai duba ba, a tambaye shi dalili.

Ga masu tsara doka, bukata ɗaya ce babba: a ƙayyade wa'adi, shekara ga sabuwa, wata uku ga ta hannu na biyu, wanda a cikinsa mai sayarwa ne zai kawo hujja, a kuma samar da wurin sasanci mai sauƙi inda ba a bukatar lauya. Ƙungiyoyin ƴan kasuwa ba sai sun jira doka ba, suna iya tsayar da wannan ƙa'ida tsakaninsu kamar yadda sarakunan kasuwa suka saba. Ƙungiyoyin kare masu saye kuma su riƙa tattara ƙorafi samfuri-samfuri, domin abin da ya karya Nvidia da Apple shi ne ranar da masu na'urori suka gane ba su kaɗai ba ne. Masu gyara na bakin kasuwa sun fi kowa sanin samfurin da ke yawan mutuwa da irin ciwonsa, iliminsu ya cancanci a rubuta shi a buga.

Shi kuwa mai saye, kafin duk wannan ya tabbata, kariyarsa tana hannunsa. Kada ya miƙa kuɗi sai an rubuta masa faktir mai ɗauke da sunan kanti, da kwanan wata, da lambar na'ura, da wa'adin garanti, da abin da za a yi in ta mutu, gyara ne, ko musanya, ko mayar da kuɗi. Ya bar ta a kunne a kantin har ta yi zafi, ya gwada kowane maɓalli. Ya ajiye kwafin aikinsa a wani wuri dabam, domin babu kotun da za ta dawo masa da shi. In mai kanti ya ce ai akwai amana, ba sai an rubuta ba, to mai niyyar cika alkawari ba ya tsoron alƙalami. Wanda ya ƙi sa hannu ya riga ya faɗi abin da ya sani game da hajarsa, sai a yi masa sallama a nufi kanti na gaba.